Dabba a hannun dattijo: littafin bin aiki daga gidaje uku a Maradi

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

An gama zaɓen gidaje. Mu biyu ke riƙe da aikin, ma'aikacin lafiyar dabbobi da ma'aikaciyar jinya, da ɗan kuɗin da 'yan uwa suka haɗa. Niyyar ita ce a ba dattawa uku dabbar da za su iya kulawa da ita da hannunsu, a bi su har bazara, a rubuta abin da ya amfane su da abin da ya jawo musu wahala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin kowane tsofaffi huɗu yana zaune ne a ware da jama'a. Wani zai ce zancen Turai ne. Amma a nan cikin gari akwai gidajen da suka cika da mutane, tsohon kuwa yana ɗakinsa daga asuba har isha'i ba wanda yake neman komai a wurinsa. Ana kai masa abinci, ana gaishe shi, shi ke nan. Dabba kuwa tana neman abu a wurin mutum kullum, a kan lokaci, kuma ba ta ɗaga masa ƙafa don ya tsufa. A nan amfaninta yake. Saboda haka dokar aikin guda ce: ƙaramin aikin yau da kullum a bar wa dattijon, kada a ƙwace masa da sunan tausayi. Abin da ke da nauyi, ko ƙazanta, ko zai iya kayar da shi, wani ya ɗauka.

Kafin a amince da gida mun duba abu huɗu. Na farko tafiya: dattijo ya tashi daga kujera, ya yi taku mita 3, ya juyo ya zauna. Wanda ya kai daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin masu haɗarin faɗuwa, ba za a ba shi dabba mai igiya ba. Sai gani da tunani, sai cututtukan da yake fama da su, musamman ciwon suga da asma. Na ƙarshe, wanda ya fi hana gidaje shiga, shi ne mataimaki: mutum guda da aka sani da suna, wanda ya yarda da bakinsa zai ɗauki dabbar in dattijon ya kwanta ciwo ko ya rasu, kuma an san aljihun da abincinta zai fito. “Ai muna da yawa a gidan” ba amsa ba ce.

Gidajen su ne: wata Inna a Bagalam, mai shekara wajen 74, mijinta ya rasu, ta yi kiwon awaki tun ƙuruciya, gwiwa ke damunta amma ta yi gwajin a daƙiƙa 11. Akuya za a ba ta. Wani Baba a unguwar Zariya, tsohon tela mai hawan jini, ya nemi tantabaru. Wata Hajiya a Sabon Gari mai ciwon suga, ba ta cika fita ba, mage take so.

An nemi kare a wani gida, ba mu yarda ba. Dattijon yana dogara sanda, kare kuwa yana fizga. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta a rahotonta na 2009 cewa sama da mutum 86,000 ke zuwa asibiti duk shekara a can sakamakon faɗuwar da kare ko mage suka jawo, kusan tara cikin goma kare ne sanadi, kuma 'yan shekara 75 zuwa sama ne abin ya fi kamawa. Ga kuma batun ciwon hauka, wanda kusan duk mutanen da yake kashewa daga cizon kare suke ɗauka.

Talata, 5 ga Nuwamba

Gyaran wuri kafin dabba ta iso.

A Bagalam an kafa rumfar kara a kusurwar gabas ta tsakar gida, an ja zana a ɓangaren da iskar hunturu ke shigowa. Turke yana can ƙuryar, igiya mita ɗaya da rabi, yadda ko akuya ta ja ta har ƙarshe ba za ta gitta hanyar da Inna ke bi zuwa bayi da wurin alwala ba. An ɗora kwamin ci a kan bulo biyu, ya kai tsayin gwiwa, don ta zuba dusa ba tare da ta duƙa sosai ba. Ruwa kuma jikanta zai riƙa cika randa da safe, ita ta ɗiba da ƙaramin bokiti mai lita 3. Bokitin lita 10 kilo 10 ne, ba na gwiwarta ba ne.

A Zariya an yi ɗakin tantabaru da katako da wayar raga, faɗi mita ɗaya, tsawo mita ɗaya da rabi, an jera tukwane huɗu a ciki na sheƙa. Maƙeran irin wannan ɗaki sun saba ɗora shi can sama saboda mage da ɓera. Mun ce a'a, tsakanin ƙugu da ƙirji za a tsayar da shi, a sa wa ƙafafunsa gwangwani a kife don ɓera. Dattijo bai kamata ya hau kujera ko tsani don ya leƙa ƙwai ba.

Kuɗin da ya fita: kara, zana da itace sefa 9,500, katako, raga, ƙusa da ladan kafinta 21,000, tukwane 2,000.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Ranar kasuwa. An sayi jar akuya, irin tamu ta Maradi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, kuma wadda aka kafa wa cibiyar kiwo a nan garin tun 1963. Don tsoho ta fi dacewa saboda ƙanƙantarta: babbar mace ba ta cika wuce kilo 25 zuwa 30 ba, tana yawan haihuwar tagwaye, tana ba da nono wajen rabin lita a yini in tana samun ci. Wadda aka zaɓa ta yi haihuwa biyu, haƙoranta na manya shida ne, hancinta ba majina, gindin wutsiya ba alamar zawo, hantsarta laushi ba kulu. Mai ita ya ce cikinta wata biyu ne. Akuya tana ɗaukar ciki kwana 150, ke nan ƙarshen Janairu za a sa ido. Mun fi kula da halinta: an kama ta an shafa, ba ta zabura ba. Budurwar akuya ta fi araha amma tana fizge-fizge. An biya jika 33, wato sefa 33,000.

Tantabaru aure biyu, manya, jika 5. Za su zauna a kulle har sai sun yi ƙwai, domin babbar tantabara in aka sake ta da wuri gidanta na da take komawa.

An sayi harawar wake dami 20 yanzu da kaka tana da sauƙi, an ɗora kan rumfa. Kafin watan Afrilu kuɗinta zai ninka. Abincin akuyar a yini: harawa wajen kilo ɗaya kashi biyu, dusa gwangwanin da aka yi wa alama sau ɗaya da safe, bai fi giram 250 ba, da 'yar kanwa a ruwa. Maganin tsutsar ciki an ɗage shi zuwa wata mai zuwa, saboda albendazole yana iya ɓata ɗan tayi a farkon ciki, kuma lissafin mai sayarwa na iya gociya da mako biyu ko uku.

Da aka shigo da ita Inna ta buɗe mata baki da kanta ta duba haƙora, sannan ta ce wa jikanta, “Kai yaro, kawo min tsohon zanen nan na rufe mata baya da dare.”

Talata, 12 ga Nuwamba

Magen Hajiya ya iso daga gidan wani maƙwabcin ɗanta. Namiji ne, ya haura shekara ɗaya, ya saba da mutane. Jikoki sun so a kawo jariri. Ɗan mage yana da ban sha'awa amma shi ne ke shiga tsakanin ƙafafu, shi ke yakushi da wasa, kuma 'yan ƙasa da shekara ɗaya ne suka fi ɗauke da ƙwayar cutar da ke kumbura kaluluwa bayan yakushi. Ga mai ciwon suga babban mage mai sanyin hali ya fi.

An yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, za a maimaita bayan shekara, an rubuta a katinsa. An ba shi maganin tsutsa, an ɗaura masa 'yar ƙararrawa don Hajiya ta riƙa jin inda yake da dare. Kwanon cinsa yana kusurwar ɗaki, ba bakin ƙofa ba. An zuba yashi a tsohon baho na kashinsa, a kwashe kullum. Ƙwayar cutar toksoplasma, mai illa ga ɗan tayi, da ke fita a kashin mage sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyar kafin ta iya kama mutum, don haka kwashewar kullum ita ce kariyar. Surukar Hajiya tana da juna biyu, an hana ta taɓa bahon kwata-kwata, wani saurayi a gidan ya ɗauki aikin.

An karanta wa mutanen gida abin da ba a ba mage: miya mai albasa da tafarnuwa tana lalata masa jini, farasitamol ko ƙwaya ɗaya na iya kashe shi, fiya-fiya da hodar ƙwari ba a shafa masa don ƙuma. Tuwo kaɗai ba ya riƙe shi, mai cin nama ne, sai da guntun kifi, dafaffen ƙwai ko ragowar nama. An roƙi maƙwabta su faɗa in za su zuba shinkafar ɓera.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. Tsohuwa mai zaman kaɗaici da mage, a wasu bakunan, abin zargi ne, kuma kalmar maita in ta fita ba ta komawa. Mun zaɓi mage fari da ruwan ƙasa da gangan, muka kuma roƙi limamin unguwa ya leƙo. Ya zauna a zaure ya tunatar da mutanen gida cewa mage mai tsarki ce a shari'a, ya kawo musu hadisin matar da aka azabtar saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, da yadda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. Allura da magani 6,500.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Lafiya lau a gidajen uku. Baba yana auna hatsi da dawa da wake, cikin hannu ɗaya ga kowace tantabara a yini, giram 30 zuwa 40, yana canza ruwa safe da yamma. An ƙara musu kaskon tsakuwa da dakakken ɓawon ƙwai.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Akuya ta kumbura. An yi suna a gidan jiya, aka tara ragowar tuwo da shinkafa da tsakin hatsi a babban kwano, yara suka ajiye mata da yamma don suna ganin gata ne. Inna ta ga kwanon sai da safe, babu komai a ciki.

Da muka iso da hantsi akuyar tana tsaye ta sunkuyar da kai, ta daina tuƙa, tana cizon haƙora. Kwiɓinta na hagu ya tashi, in an danna sai a ji ruwa yana motsi a ciki. Tumbin lafiyayyar akuya yana juyawa sau ɗaya ko biyu a minti, ana jin sa da tafin hannu. Nata shiru. Abin da ke faruwa shi ne hatsi mai yawa in ya shiga tumbi lokaci guda sai ya yi tsami, tsamin ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, ya janyo ruwan jiki zuwa cikin tumbin. Akuya na iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, mai ciki kuma tana iya ɓari.

An cire dusa gaba ɗaya. An narka bikarbonat, mai kashe tsami, giram 20 a ruwa rabin lita, aka ɗura mata a hankali ta gefen baki, kanta a daidai ba a ɗage sama ba, don in aka ɗaga kai aka kwarara ruwan huhu yake bi, sai a warkar da ciki a haifar da ciwon huhu. An bi da man gujiya cokali huɗu, an yi mata allurar bitamin B da ta maganin ƙwayoyin cuta, jikan ya riƙa zagayawa da ita a tsakar gida. Ruwan sha kaɗan-kaɗan, ci kuma busasshiyar harawa kawai. Da la'asar ta yi zawo mai tsami, da magariba tumbi ya fara motsi.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ba akuyar ba ce. Inna ta ƙi cin abinci yinin nan, ta zauna a kan tabarma bakin rumfa har dare cikin sanyi, aka yi ta lallashi. Wannan yana cikin lissafin da ya kamata iyali su yi tun farko: dattijon da ya rasa miji da ƙawaye, in ya saki zuciyarsa ga dabba, ciwonta ciwonsa ne. Ba dalilin hana shi ba ne, dalili ne na a kula da lafiyar dabbar da gaske, a kuma ajiye lambar mai maganin dabbobi a wayar mataimaki.

An kafa doka a gaban maigida: ba mai ba akuya komai sai Inna. Mai ragowar abinci ya kai mata, ita ta san nawa za ta zuba. Magani 4,000.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Akuya ta koma tuƙa, ciki bai zube ba. Dusa za ta dawo da rabin gwangwani, a ƙara a hankali cikin mako guda. A Zariya aure ɗaya ya yi ƙwai biyu, kwanci kwana 18 ne, macen da namijin suna karɓeɓeniya.

Asabar, 7 ga Disamba

Yakushi a ƙafar Hajiya. Sanyi ya shigo, mage ya koma kwana a kan ƙafafunta cikin bargo. Wani dare ta motsa, ya kafa mata farce a ƙauri. Ba ta ji ba. Ciwon suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, kuma yana sa rauni ya yi jinkirin warkewa. Sai bayan kwana biyu 'yarta ta ga wurin ya yi ja ya ɗau zafi, faɗin tafin hannun yaro.

An wanke da sabulu da ruwa mai gudu, an shafa aidin, an zagaye bakin jan da biro don a gane ko yana faɗaɗa, aka kai ta likita a ranar. An rubuta mata maganin ƙwayoyin cuta, an yi mata allurar tetanus tunda ba ta tuna ta ƙarshe ba, aka auna suga ya hau. An nuna katin allurar magen, za a sa masa ido kwana 10 duk da haka. Ga duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa, wankin minti 15 da sabulu nan take shi ne mataki na farko, sannan likita, ba a jira.

Ɗanta ya ce a mayar da magen. Hajiya ta ce, “Ku bar min abina. Tun da ya zo nake da wanda nake yi wa faɗa.” Mun goyi bayanta da sharaɗi. An yi masa kwali da tsohon zanenta a gefen gado, in ya hau ƙafa a sauke shi, dare uku ko huɗu zai saba. An datse masa kan farce, tsinin kawai, ba a kai wurin jan da jini ke ciki ba, za a maimaita duk mako uku. Za ta riƙa kwana da safa. 'Yarta kuma za ta duba mata ƙafafu kullum lokacin alwalar azahar, har tsakanin yatsu, abin da ya kamata a ce ana yi wa kowane mai suga ko babu mage a gidan.

Litinin, 16 ga Disamba

'Yan shila biyu sun ƙyanƙyashe jiya. An fara buɗe wa manyan ƙofa da yamma kafin a ba su abinci, suna zagayawa su dawo.

Baba yana tari kusan mako biyu, busasshe, ya fi tsananta da dare. Hazo ya sauko, rabin gari na tari, don haka gida ba su ɗauke shi komai ba. Da aka bi diddigi sai ga shi kullum da hantsi yana share ƙarƙashin ɗakin da tsintsiya, kashin a bushe, kansa a sunkuye cikin ƙurar. Ƙurar kashin tantabara da farin garin da ke fita daga gashinta suna iya sa huhun wasu mutane ya kumbura, tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi su zo awa huɗu zuwa takwas bayan an shaƙa. In aka daɗe a haka huhu yana yin tabon da ba ya gogewa. Akwai kuma ƙwayoyin cuta da ke zama a busasshen kashin.

Ba a yanke hukunci da ka ba. Tarin da ya kai mako biyu ana gwajin tarin fuka, an kai majinarsa. Shara ta koma hannun jikansa: ya yayyafa ruwa tukuna, ya sa takunkumi, ya kankare da ƙaramin shebur, a kai takin gona. An matsar da ɗakin daga jikin tagar Baba zuwa bangon yamma, inda iska ke kwashe ƙurar ta yi waje. An ajiye wa tsuntsayen faranti mai faɗi na wanka sau biyu a mako, yana rage garin jikinsu. Mako biyu Baba ba zai sa kai cikin ɗakin ba, zai watsa hatsi daga kujerarsa a fili. Bai ji daɗi ba, ya ce shara ce kaɗai aikin da ya rage masa mai sa gumi. An ba shi wankin kaskon ruwa da rubuta ranar ƙwai da ƙyanƙyasa a littafi.

Asabar, 21 ga Disamba

Gwajin tarin fuka bai nuna komai ba. Ƙafar Hajiya ta warke, magen lafiya. An ba akuya maganin tsutsa, an gyara mata kofato.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Wata biyu da farawa, mun zauna da takardun da mataimaka ke cikawa. Tarin Baba ya lafa tun mako na biyu da barin shara, ko da yake hazo bai ɗaga ba, don haka shara ba za ta koma hannunsa ba. Awon jininsa yana nan inda yake. Wani a gidan ya fara cewa ai tantabaru sun kwantar masa da hankali, a rage magani. An tsawatar. Dabba ba ta maye gurbin maganin hawan jini ko na suga.

Abin da ya canza a fili yake. Da can Baba ba ya fitowa sai azahar, yanzu bakwai na safe yana kan kujera, kuma samarin unguwa masu tantabaru sun gano shi, suna zuwa da yamma ana musun launi da iri. Inna tana sauka tsakar gida sau biyar ko shida a yini, ta yi gwajin kujera a daƙiƙa 10. Hajiya ta daina tsallake karin kumallo, saboda mage yana tashinta neman nasa, ita kuma ta haɗa da nata da maganinta. Ga mai suga wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuɗin ci a wata: akuya wajen 4,500 ban da harawar da aka tara, tantabaru 2,000, mage 3,000.

Litinin, 13 ga Janairu

Inna ta yi tuntuɓe. Igiyar ta tsinke, wani yaro ya ɗaura doguwar igiyar guga a madadinta, akuya ta zagaya da ita ta gitta hanya. Da asuba Inna ta fito da buta, ƙafa ta sarƙe, Allah ya taimaka ta dafe bango, gwiwar hannu kawai ta kurje. Karayar ƙugu a wannan shekaru takan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi. An cire turke gaba ɗaya, an kewaye rumfar da raga mita biyu da biyu da ƙofa mai sakata a tsayin ƙirji, an rataye fitila mai cajin rana a bakin hanyar. Kuɗin da ya fita 14,000. Duk gidan da za a ƙara nan gaba da kewaye za a fara, ko da ya fi igiya tsada.

An yi wa akuya rigakafin annobar awaki da tumaki a zagayen da ma'aikatan kiwo ke yi duk shekara.

Alhamis, 30 ga Janairu

Akuya ta haihu da hantsi, tagwaye, mace da namiji. Tun shekaranjiya hantsa ta cika, jijiyoyin gindin wutsiya suka saki, Inna ce ta fara lura. Na farko ya fito ƙafafun gaba da hanci a tare, na biyu bayan minti 20. In akuya ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya leƙo, a kira mai magani, kada a ja da ƙarfi.

An tsoma cibiyoyi a aidin, an tabbatar duka biyun sun sha dakashi cikin awa ta farko. Mahaifa ta faɗo kafin azahar. Inna ta kai hannu za ta ɗauke kamar yadda ta saba, aka tare ta. Ruwan haihuwa da mahaifa suna cikin hanyoyin da cutar burusela ke bi ta kama mutum, haka ma zazzaɓin Rift Valley da ya kashe mutane a jihar Tawa a 2016, yawancinsu makiyaya. Jikan ya sa leda a hannu ya kwashe, aka binne da zurfi, aka zuba toka a wurin. Ita aka ba ta tsumma da safar hannu ta goge 'ya'yan.

Makon farko nono na 'ya'ya ne. Bayan haka Inna za ta tatsa sau ɗaya da safe, a zaune kan kujera, akuyar a kan dakali. Nono sai an tafasa kafin a sha ko a dama fura da shi. An ƙara dusa zuwa gwangwani ɗaya da rabi, ruwa kuma kada ya yanke.

Asabar, 8 ga Fabrairu

'Yan awakin sun fara tsalle, kuma suna iya fita ta ƙasan ragar. An toshe da bulo, don su ne za su shiga ƙafar Inna yanzu. An share tsakar gida daga leda, ita ce ke toshe tumbin awakin cikin gari.

Shirin zango na gaba. Azumi zai kama farkon Maris, zafi na biye da shi, a Afrilu da Mayu awo yana haura 40. Za a mayar da duk aikin dattawa kafin ƙarfe tara na safe da bayan la'asar, na tsakar rana mataimaka su yi. Za a ninka rufin rumfar akuya da ɗakin tantabaru da zana, a ƙara kaskon ruwa na biyu a kowane wuri. Hajiya za ta ga likita kan suga da azumi kafin wata ya kama.

Ɗan bunsurun za a sayar da shi in ya kai wata huɗu, kafin ya fara tunkuyi, kuɗinsa ya shiga asusun dusa. Macen kuwa, Inna ta ce ta jikan ce, ladan ɗibar ruwa. Tantabaru sun kai takwas, an tsayar da iyaka a goma, abin da ya haura a sayar ko a yanka, don ƙurar tana ƙaruwa da yawansu. Magen za a kai shi fiɗiya mako mai zuwa saboda ya fara yawon dare yana dawowa da rauni, an ware masa jika 10. Mage na iya kai shekara 12 zuwa 15, don haka an sa ɗan Hajiya ya sake faɗa a gaban 'yan uwansa cewa shi zai riƙe shi.

Gida na huɗu a Dan Gulbi yana jiran amsa, wani malami ne da ɓarin jikinsa na hagu ya yi rauni, kaji uku yake so. Sai an yi musu rigakafin cutar Newcastle, an ɗaga akurki zuwa tsayin kujerarsa, an kuma samu wanda zai tsaya a matsayin mataimaki. Abin da ya rage a asusu 27,000, akurki da kaji za su ci wajen 22,000.